Ranar da Kawu Gwadabe Ya Auna Gudun Jaki

...ku matsa, ku ba Injiniya tabarma! Nuhu, kore awakin nan! Kawu Gwadabe ne fa, wanda yay yi zango guda a babbar makaranta, yad dawo muna da tabarau da biro huɗu a aljihu. Duk Ƙaura babu mai kai irin nashi. Shi da bakinshi yag gaya muna.

Da Baba yac ce ƙanwata Lauratu ba ta wuce sakandare sai in ta ci fiziks, Kawu yad daki ƙirji.

"Ku bar min ita. Ƙarin gudu ai wasa ne: gudun ƙarshe, a cire na farko, a raba da lokaci. Malamanmu ma ni suke tambaya."

Ni aji shida nit tsaya, amma na ga darasin da idona. Anka jawo jaki. Kawu ya duba agogonshi, wanda rabonshi da motsi tun ranar da anka ba mu jiha, yac ce a saki. Jaki ya ƙi ɗaga ƙafa.

"Madalla! Sifiri a cire sifiri. Rubuta, Lauratu, dabba ta gaskata ilimi."

Ran Kasuwar Daji kuma ya lissafa a ƙasa inda wani ɗan kabu-kabu zai tsaya in ya taka birki, yaj ja layi, yat tsaya bisa layin. Cikin kwandon tumatur munka ciro shi. Yac ce babur ɗin ne bai yi karatu ba.

Ita Lauratu "to, Kawu" kawai take cewa, ta shige ɗaki ta buɗe littafinta.

Shekaranjiya sai ga jita-jita wai 'yan ajinsu duk sun faɗi jarrabawar fiziks. Lauratu ta ƙi tuwo. Kawu yat tara gida har da maƙwabta.

"Ku shaida! Yarinyag ga ko lamba guda ba ta ɗauka wurina ba. Littafi tab bi. Kada wanda ya haɗa sunana da sakamakonta!"

Munka ce mun shaida.

Ɗazu sai ga mai shagon waya a guje da waya a hannu, wai malamin su Lauratu ne ke kira daga Gusau. Baba ya kara a kunne, duk muna jiyo muryar.

"Alhaji, Lauratu ta ci! Ita ce ta ɗaya! Wa ke koya mata a gida?"

Kawu har ya gyara hula, ya miƙo hannu a ba shi wayar.

Baba yac ce, "Wallahi malam, mu ma ba mu sani ba. Na gidanmu dai ya kafa shaidu ba shi ba ne."