Rahoton Kwamiti da Bangon Ɗakina

Ranar Alhamis ɗin nan da ta wuce, a karon farko a rayuwata, mai gadi ya ƙame ya sara mini. Jakar da ke hannuna ya sara wa, gana-masgo sabuwa fil, babba, babu ko tsinke a ciki. A ƙofar wani ƙaton otal ne a cikin gari, inda ake ƙaddamar da rahoton Kwamitin Sanyaya Gidajen Jama'a. Ashe a irin wuraren nan duk wanda ya shiga da wannan jaka wayam, an san aiko shi aka yi, kuma an san ba wayam za ta fito ba. Ko katin gayyata bai tambaye ni ba. Cewa ya yi, "Madam, a gaida oga." Na ce zai ji, na wuce. Ni kuwa oga ɗaya gare ni a duniya, mahaifina, kuma a lokacin yana can Kurudu da singileti yana fifita da murfin kwali.

Masu karatu, ku yi mini uzuri, ban taɓa rubutu a jarida ba. Sunana Safara'u. Edita ya ce in rubuta kamar yadda nake magana, ban iya gaya masa cewa ba na cika magana ba. Amma bari in faɗa muku abin da ya kai ni otal da jaka.

Gidanmu yana cikin rukunin ƙananan gidajen nan da aka sayar wa ma'aikata bayan dawowar mulkin farar hula. Allah ya saka wa ɗan kwangilar da ya gina su, mutum ne mai tausayin siminti, bai yarda ya wahalar da shi ba. Bangonmu na yamma, wanda ya bi ta ɗakin iyayena ya zarce nawa, daga azahar rana take zama a kansa, ta yi ta ɗura masa zafi har la'asar sakaliya. Idan ta faɗi sai shi kuma ya karɓi aiki. Kyandir ya taɓa lanƙwashewa a ɗakina ba a kunna shi ba. Umma a ciki take shanya, ta ce ya fi igiyar waje sauri. Fanka muna da ita, kyakkyawa, muna goge mata ƙura duk Asabar. An ce ƙasa ta yi arziki, mai ya yi tsada a duniya, manyan gine-gine sai tashi suke yi a cikin gari, to amma arzikin bai samu waya mai kawo shi Kurudu ba tukuna.

Wata rana Abba ya shigo ɗakina neman almakashi. Ya dafa bango, ya janye hannu da sauri. Ya dafa kantar littattafaina, wadda ta rufe gefe guda na bangon, sai ya ji ta da sanyi. Ya sake dafa bango, ya sake dafa littattafai. Daga nan ya leƙa ta katanga ya kira maƙwabcinmu, Baba Zacharias, wanda ya yi ritaya daga aikin kula da sito a wata ma'aikata. Su biyu suka tsaya suna shafa littattafaina suna jinjina kai kamar masu tayin rago. Tun ina ƙarama Abba yake cewa karatun labarai ba ya tsinana wa mutum komai. Ranar ya janye maganarsa, ni kuwa da na sani da bai janye ba.

Baba Zacharias ya ce in dai takarda ce ke tare zafi, to ƙasar nan ba ta da matsala, domin shi da hannunsa ya jera rahotannin kwamitoci har rufi shekara da shekaru, kuma bai taɓa ganin wanda ya zo aron ɗaya ba. Da ma'aikatu suka koma sababbin ofisoshi, an yi gwanjonsu ga masu sayen tsohuwar takarda, ana auna su a sikeli kamar dawa. Washegari suka tafi Dei-Dei suka sayo katako da allon silin, suka biya ta wajen masu tsohuwar takarda suka ciko bayan a-kori-kura da rahotanni. Dabarar ba wuya: kafinta ya kafa katako a jikin bango daga ciki, ya bar rata kamar taki ɗaya, a cusa rahotanni daga ƙasa zuwa sama, a rufe da allo, a shafa fenti.

Ni aka sa miƙo wa kafinta, don haka na ga abin da ya shiga. Akwai rahoton kwamitin ƙarancin ruwa. Akwai na kwamitin da aka kafa ya binciki inda kwamitin ruwa ya kai kuɗin zamansa. Akwai na kwamitin da ya ba da shawarar a rage yawan kwamitoci, shi kundi uku ne. Wanda ya fi kowanne kauri na wutar lantarki ne, shi kaɗai ya rufe ƙasan taga. Umma ta nuna fargabar gobara, ta ce takarda da waya ba sa zama wuri ɗaya. Mama Justina, matar Baba Zacharias, ta kwantar mata da hankali, ta ce, "Hajiya, sai da wuta a waya ake gobara. Wannan waya ko tsuntsu ya daina jin tsoronta."

Kuma wallahi abin ya yi. Ɗakin iyayena ya yi sanyi har Abba ya koma barcin rana. Ina so a rubuta wannan a tarihi, domin masu cewa kwamitocin ƙasar nan ba su taɓa amfanar talaka ba sun yi ƙarya. Sun amfane mu, sai dai sai an sa su a tsaye an danna da kyau.

Matsalar ita ce unguwa ta gani. Kafin wata ya zagayo kowa ya zama mai neman rahoto. Masu tsire da masu ƙosai suka fara ƙorafi an hana su abin naɗi. Takarda ta yi wuya, sannan ta ɓace. Bangon ɗakina kuwa an cika shi zuwa kafaɗata ne kawai, daga nan zuwa rufi rami ne, zafi na kwararowa ta sama kamar da gayya.

Sai ga haihuwar Yaya Bilqis, ta fari, kuma gida za ta dawo wanka daga Mararaba. Ɗakin da za a sauke ta da jaririn nawa ne, babu wani. Umma ta ce ba za ta kwantar da jikanta a tanda ba ana tsakiyar bazara, ga maganar sanƙarau ana ta yi a rediyo. Gaskiyarta ce, ban musa ba. Abba kuwa ya juya ya dubi kantata, irin kallon da mahauci ke yi wa akuya. Littattafan nan tun ina aji ɗaya na sakandare nake tara su, wasu da kuɗin karin kumallo, wasu na tsinto a gindin gada wajen masu baza tsofaffi a ƙasa. Ya ce kafinta zai zo Juma'a da safe, in na samo takarda kafin nan, to, in ban samo ba, ga takarda nan.

A jarida na ga sanarwar: za a ƙaddamar da rahoton sanyaya gidaje, kundi bakwai, kuma za a raba wa mahalarta kyauta. Na auna ramin da idona, na ga in na samu saiti uku na tsira. Abin da ya kai ni otal ke nan.

Zauren taron, jama'a, sanyi ne irin wanda ban taɓa ji ba. Esi na huro sanyi ta ko'ina, manya sun sha babbar riga sun ɗora kwat, wata baiwar Allah a gabana tana ta atishawa tana neman shayi. A cikin wannan hali aka shafe rabin yini ana tausaya mana kan zafi. Mai girma Galadiman Taron Bita ya bayyana cewa kwamiti ya zagaya ƙasashe huɗu masu ƙanƙara domin ya koyo yadda ake sanyaya gida, kuma ya tarar gidajensu da sanyi ƙwarai. Aka tafa. Ya ce an gano wani irin soso na musamman da ake liƙa wa bango ya hana zafi ratsawa, ga samfurinsa can a cikin akwatin gilashi, kada a taɓa. Ya ce da yake ba a san illarsa ga lafiya ba tukuna, 'yan kwamiti sun sadaukar da kansu, a gidajensu za a fara gwadawa, talaka sai an tabbatar. Nan ma aka tafa, har da ni, domin ban taɓa ganin jarumta irin wannan ba.

Sannan aka gayyato uban taro, mai girma Sarkin Almakashi, ya yanke zare, aka yaye farin ƙyalle. Ga su nan a jere, bakwai, kore shar, kowanne ya kai kaurin bulo. Sai da hawaye ya taru mini. Da aka ce akwai mai tambaya, ban san lokacin da hannuna ya tashi ba. Aka miƙo mini makirfo.

Na ce, "Ranka ya daɗe, don Allah mutum ɗaya zai iya samun saiti uku?"

Sarkin Almakashi ya cire tabarau ya dube ni, ya ce tun da yake ƙaddamar da rahotanni ba a taɓa neman ko ɗaya a gabansa ba, yau ga yarinya tana neman ashirin da ɗaya. Ya ce da irinmu ƙasa take alfahari. Aka kira ni gaba, masu hoto suka taso, ya sa hannu a aljihu ya ciro wani faifan kwamfuta siriri mai walƙiya, ya damƙa mini da hannu biyu. Ya ce duk kundi bakwai suna ciki. Zamanin takarda ya wuce, gwamnati ta daina almubazzaranci.

Shekara nawa ana almubazzarancin nan ba wanda ya hana, sai ranar da na zo cin moriyarsa aka tuba.

Da aka tashi cin abinci na lallaɓa wajen teburin, na ɗaga kundi na farko. Saura kaɗan ya tashi sama, kwali ne aka naɗe da bango mai kyau, cikinsa iska. Na roƙi wani jami'i mai ɗauke da waya biyu ya ba ni ko kwalayen ne, ya ce ba zai yiwu ba, da su za a yi ƙaddamarwa a sauran shiyyoyi. Na fito da jakata a naɗe a hammata. Mai gadin nan ya dubi jakar, ya dube ni, ya kau da kai. Ina jin ya ɗauka ogana ya faɗi zaɓe.

Juma'a da safe kafinta ya zo. Na miƙa wa Abba faifan, ya juya shi gaba da baya, ya ga fuskarsa a ciki, ya ba Mama Justina ta rataye a lambunta don korar tsuntsaye. Aka fara sauke kanta. Ban yi kuka ba, na dai tsaya ina gyara gilashina fiye da yadda yake bukata.

Umma ce ta tsayar da aikin. Ta ce duk takardar da ke ɗauke da sunan Allah ba za a cusa ta a bango a buga mata ƙusa ba, ba a gidanta ba. Ta shimfiɗa tabarma ta zauna, ta ce a riƙa miƙo mata ɗaya bayan ɗaya tana duba shafin farko. Allah ya yi wa marubutan Hausa albarka. Babu wanda ya fara labarinsa, ko na soyayya ne ko na aljanu, bai buɗe da sunan Allah da salati ba. Duk suka koma gefen dama, suka tsira. Abba ya ce ai rahotannin da aka riga aka cusa ba a duba su haka ba. Baba Zacharias ya ce kada ya damu, ya san su ciki da waje, babu wanda aka fara da sunan Allah, kuma ga alama nan muna gani a ƙasar nan.

Na Turanci su ne ba su da mai ceto. Su ne kuma masu kaurin, waɗanda na fi daɗewa ina nema. Na gwada nuna wa Umma wani wuri a tsakiyar ɗaya inda wani matuƙin jirgin ruwa ya ambaci Ubangiji da guguwa ta taso. Ta ce wanda bai tuna da Allah ba sai da jirgi ya fara nutsewa, ya shiga bango. Na miƙa su da hannuna, na roƙi kafinta ya jera su a tsaye, kada ya lanƙwasa. Ya ce to, ya danna su da gwiwa. Suka cika ramin daidai, kamar don shi aka buga su.

Yaya Bilqis ta iso ranar Asabar. Da magariba, lokacin da bangon ya saba fara aikinsa, na shiga na tarar jaririn yana barci, hannuwa a sama, babu ɗigon gumi a goshinsa. Na dafa allon, sanyi ƙalau. Na so a ce bai yi ba, don in samu bakin magana, amma ya yi. Yaya ta ce in ya girma za ta gaya masa ƙanwar uwarsa ce ta sanyaya masa ɗaki. Na ce ta gaya masa kuma akwai guda biyu a ciki da ban kai ƙarshensu ba.

Jiya Baba Zacharias ya tare ni a bakin famfo, ya ce in sa ido, gara ta shiga nasa bangon. Ta cinye katako, ta cinye allo, ta zo kan rahotannin ta zagaye su ta wuce, ko shafi ɗaya ba ta taɓa ba. Ya faɗa ne don ya kwantar mini da hankali. Ni kuwa tun jiya ban samu sukuni ba, domin nawa masu daɗi ne.