Rasuwar Faranti, Wadda Ta Tafi Da Muryar Baba

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ta tumbatsa, ni mai zanen gine-gine da ke zama a teburin ƙarshe kusa da taga a ofishinmu, nake sanar da 'yan'uwa da abokan aiki, da duk wanda ya taɓa zuwa aron caja a wurina, rasuwar kwamfutata ta tafi-da-gidanka, wadda aka fi sani da Faranti. Rai ya yi halinsa ranar Talata da ƙarfe ɗaya da kwata na rana, a kan teburin aikinta, tana tsaka da fitar da hoton wani bene mai hawa shida. Aikin ya kai kashi tamanin da uku cikin ɗari lokacin da ta ce ga garinku nan. Ta rasu tana da shekara tara, wanda a wurin kwamfuta tsufa ne tukuf.

Mahaifina ne ya raɗa mata suna, Allah ya jiƙansa. Magini ne, ya yi shekara arba'in yana aza bulo, kuma bai taɓa yarda da abin da ba shi da nauyi ba. Ranar da na kawo ta gida ya karɓe ta, ya juya ta gaba da baya, ya ce, "Wannan farantin ne ka ce zai zana gida?" Shi ke nan suna ya bi ta. Daga baya da ya ga tana zafi in aiki ya yi yawa, shi da kansa ya sare mata gutsuren bulo biyu, ya goge su sumul, ya ce in riƙa ɗora ta a kai iska ta ratsa ta ƙasa. A kan bulon nan biyu ta yi rayuwarta, a kansu kuma ta cika.

Marigayiya mai haƙuri ce, ba ta da ƙorafi. Da safe in na buɗe ta sai ta ce "tiririn", ta ɗan yi jim kamar tsohuwar da ke neman takalminta, sannan ta fito da fuska. In na ɗora mata babban aiki fankarta kan fara da "fuuu" a hankali, ta yi ta hawa har sai na teburin gaba ya ɗago kai ya tambaya ko jirgi ne zai tashi. Harafi biyu sun ɓalle daga madannanta, murfinta ba ya tsayawa sai an jingina shi da kwalin takardu, amma ba ta taɓa kunyata ni a gaban mai aiki ba sai sau biyu, kuma duka biyun laifina ne. Makarantu uku ta zana, da shaguna, da gidajen da ban san adadinsu ba. Akwai mutanen da ke barci yau a ƙarƙashin rufin da ya fara fitowa a fuskarta, ba su ma san da ita ba.

Amma babban abin da ta riƙe ba na ofis ba ne. Shekara uku da suka wuce, da ciwo ya kwantar da Baba, ya ce in zo da Faranti mu zana ɗan gidan da ya daɗe yana son gina wa mahaifiyarmu, Inna. Zama biyar muka yi. Ina zane, shi yana faɗa, ita kuma Faranti tana ɗaukar muryarsa don kada in manta wani abu. Kowane zama da abu ɗaya yake farawa: Baba ya yi gyaran murya sau biyu, ya ce, "Ya fara ɗauka?" A ciki ne yake cewa in sauke tagar ɗakin Inna ƙasa, don gajeriya ce kuma tana son kallon waje a zaune. A ciki ne yake cewa kada matakala ta wuce biyu saboda gwiwarta. A zama na huɗu ana jin Inna daga kicin tana cewa wa ya ce ita gajeriya ce, shi kuma yana dariya har tari ya sarƙe shi. Bai ga an haƙa ko harsashi ba. Tun bayan rasuwarsa, kowace Asabar da la'asar nakan kai Faranti gidan Inna in kunna mata zama ɗaya, ta saurara tana ninke kayan wanki. Babu wani wuri a duniya da muryar nan take sai cikin Faranti.

Game da jinyarta, dole in faɗi gaskiya ko da za ta tona mini asiri. Ciwon ya fara da cikar ciki. Ma'ajiyarta ƙarama ce, giga ɗari biyu da hamsin da shida, kullum tana nuna mini jan layi tana cewa "ɗin". Sai batirinta ya fara kumbura har ya ɗaga wurin da ake goga yatsa. Duk na gani da idona, na yi biris, saboda a lokacin hankalina yana kan wata.

A ofishinmu akwai abokin aikina da muke kira An-Ce, don ba ya buɗe baki sai da kalmar nan. Shi ya fara kawo mini labarin sababbin kwamfutocin ƙwararru da ake jira. An ce ma'ajiyarsu tera huɗu ce, wato giga dubu huɗu. An ce a'a, takwas ce, amma sai ka ƙara kuɗi. An ce ƙarfin hotonsu ya kai a fitar da bene mai hawa goma, da bishiyoyi da inuwa da hasken gilashi, kafin shayinka ya huce, aikin da Faranti ke yini a kai. Farashi kuwa kowa da nasa: yau a ce zai sauko, gobe a ce sai wanda ya sayar da motarsa, jibi a ce ƙaramar za ta yi sauƙi amma an rage mata ƙarfi. Duk lokacin da wata ta fito kasuwa, sai An-Ce ya jawo kujera ya rage murya ya ce, "Kar ka kuskura ka taɓa wannan. An ce ta gaba ita ce ta gaske." Haka muka yi shekara uku muna jiran ta gaba, ni da shi, kamar masu jiran mota a tashar da aka daina tsayawa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, duk wannan ji-ta-ji-tar a fuskar Faranti nake karanta ta. Ita ke buɗe mini shafukan, ita ke nuna mini hoton wadda za ta gaje ta, fankarta na nishi ni kuma ina lissafin tera. Ba ta taɓa cewa uffan ba. Har ga Allah na ci amanarta.

Ƙanwata ta yi mini magana ba sau ɗaya ba. Ta ce, "Yaya, ka kwafe muryar Baba a wani wuri mana, ko a ɗan filas na ajiyar bayanai ne. Ko ka turo mini a waya." Ni kuwa sai in ce ta bari sabuwar ta fito in kwashe komai lokaci guda, a tsare. Wanda ba ya sana'armu zai ce sakaci ne kawai, kuma da sakacin a ciki, amma akwai wani abu. Mu masu zane muna tsoron kwafi biyu. Farkon fara aikina an taɓa gina katanga da tsohon kwafin zanena, sai da aka rushe ta a gabana, kuma Baba ne ya riƙe gudumar. Tun ranar na kafa wa kaina doka: zane ɗaya, wuri ɗaya. Aikin ofis yana cikin ma'ajiyar ofis, ko layi ɗaya bai ɓata ba. Na Baba kuwa na ce sirrin gida ne, ba zan haɗa shi da na mutane ba, na bar shi a cikin Faranti shi kaɗai. Dokar da aka yi don katanga na je na ɗora wa muryar mahaifina.

Ranar Talatar, fankarta ta hau sama yadda ban taɓa ji ba, sai ta yi "ƙit", sai shiru. Wani ɗan wari ya tashi. Na danna, na sake dannawa, na cire caja na mayar, na hura mata iska da bakina a gaban mutane. An-Ce ya buɗe baki zai yi magana, ya kalli fuskata, ya rufe.

Na kai ta wurin mai gyara na ƙasan benenmu. Ya kwance ta, ya duba da gilashinsa, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago sai ya ce, "Maigida, ma'ajiyar irin wannan manne take da allon ciki. Wutar da ta ci allon ta bi ta kanta. Akwai abu mai muhimmanci ne a ciki?" Na tattara ta na fita. Na kai ta wurin wasu biyu, na biyun har ya riƙe ta kwana tara, duk magana ɗaya suka faɗa.

Marigayiya ta bar caja ɗaya mai naɗin baƙin salatif a wuya, da linzamin kwamfuta wanda dannawar damansa ta mutu tun bara, da jaka mai zif ɗaya, da bulo biyu da har yanzu suke kan teburina don na kasa ɗauke su. Ta bar ni, marayan da ke aron kwamfutar akawu in ya tafi cin abinci. Ta kuma bar Inna, wadda ita ce babbar mai makoki, ko da yake ita ce ta ƙarshen ji.

Asabar biyu na yi ina zille mata. Ta farko na ce aiki ya riƙe ni. Ta biyu na ce Faranti tana wurin gyara, wanda gaskiya ne irin ta matsorata. Ta uku na je hannu rabbana na zauna a bakin tabarma, na faɗa mata komai, har da tera huɗun da nake jira, don ban ga amfanin rage wa kaina laifi ba. Ta ci gaba da ninke zanen ɗaurawar da ke hannunta har ta gama, ta ajiye. Sannan ta ce, "Taga ƙasa. Matakala biyu. Famfo kusa da ƙofar kicin. Duk na haddace, in don gidan ne kar ka damu." Can ta ce, "Ni dama gyaran muryar nan tasa nake zaman ji." Ta gwada yi mini irinta, ba ta fito daidai ba, ta sake gwadawa, sai ta tashi ta shiga ɗaki. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na yi kuka a tsakar gidan nan kamar ranar da aka fita da Baba.

Ga yadda aka tsara sallama da marigayiya. Mai gyara ya nemi a bar masa gawar ya cire abin da zai yi amfani, Inna ta hana. Ta ce wadda ta riƙe mata muryar miji shekara uku ba za a yi gunduwa-gunduwa da ita ba. Don haka za a mayar da Faranti cikin jakarta, a ɗora ta a kan kabad ɗin Inna kusa da awon ruwan Baba da cokalinsa na gini, ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe huɗu, lokacin da aka saba kunna ta. Za a karɓi ta'aziyya a falon Inna har zuwa faɗuwar rana.

Iyalan marigayiya na roƙon kada kowa ya zo da labarin sabuwar kwamfuta, ko farashinta, ko girman ma'ajiyarta, ko ranar fitowarta. An-Ce zai iya zuwa, an tanadar masa kujera a bakin ƙofa, da sharaɗin zai yi shiru.

Roƙo na ƙarshe ga maginan da suka yi aiki da Baba, da kafintoci, da masu kawo yashi, da duk wanda ya taɓa ba shi aiki. Don Allah ku duba tsofaffin wayoyinku, har waɗanda kuka jefa a durowa. In akwai saƙon murya da ya taɓa turo muku, komai gajartarsa, ku zo da shi. Ko faɗa yake yi a kan siminti, ku kawo, za mu kwafe shi a wuri goma. In kuma akwai wanda ya fara da gyaran murya, kada ku jira Asabar, Inna tana gida kullum.