Ranar da Na Gai da Alhaji a Hanyar Fakku

A kasuwar Tambuwal mai gyaran keke ya ce mini, "Malam, ɗauki fitila mai batir. Wagga ta dainamo sai taya na gudu taka haske."

Na ce, "Malamin kimiyya za ka koya wa lantarki?" Na sayi ta dainamo.

Bayan magariba na hau keke na kama hanyar Fakku. Ina shiga yashi gudu ya ragu, fitila ta dushe, na bangaji wani ƙato mai fararen kaya. Na diro na durƙusa: "Gafara, Alhaji, ban gan ka ba!"

Alhaji ya yi huci. Ashe bijimi ne. Makiyayinsa ya yi dariya har sandarsa ta faɗi.

Har yau in garke ya gitta, abokaina kan ce, "Malam, tashi ka gai da Alhazai."