Fasinjar da Ba Ta Zuwa Ko'ina

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Salahuddin ya ajiye raksharsa ta haya mai ƙafa uku a inuwar darbejiyar ƙofar gidansu a unguwar Hajj Yusuf, ya shimfiɗa tabarma, ya buɗe tsohuwar kwamfutarsa. Wata uku bai saka ko layi ɗaya ba a shafinsa na intanet, inda yake rubuta abin da ya gani a littattafan da ya karanta. Littafin da ke gefensa na aro ne, daga wajen Ashafa mai baza littattafai a ƙasa a tsakiyar Khartoum, kuma gobe da safe zai mayar. Bai gama jimlar farko ba sai ga inuwar kakarsa Gogo ta rufe masa haske.

"Barka da rana, ya zafi, ya iyalin da ba ka da su?"

"Lafiya lau, amaryata. Ke ce iyalin, ga ki a tsaye kamar tsohuwar fitilar titi, ba haske sai tare hanya."

"Tashi, mijin banza. Gahawata ta kusa ƙarewa, citta ma haka. Kai ni kasuwar Suk Sitta."

"Yau raksha tana hutu."

"Jakin ƙarfe ne zai yi hutu? Ni da na haifi wanda ya haife ka ban huta ba."

"Habboba, kakata, wallahi yau kaɗai nake da ita. Safe fasinja, rana fasinja, in na dawo gida idona ba ya rabe alif da sanda. Har wata mai karanta shafina daga Gadarif ta aiko tana tambaya ko an kama ni ne, shirun ya yi yawa."

Gogo ta kama baki. "Kai? Wa zai ɓata man mota a kanka? In suka ɗauke ka, kafin la'asar za su dawo da kai su haɗa mana da haƙuri, saboda ci."

"Ina da masu karatu, tsohuwa."

"Nawa?"

"Goma sha ɗaya."

"Innalillahi! Ni in na ɗora jabanar gahawa a wuta, matan da ke taruwa sun fi haka, kuma ba na roƙon kahraba, wutar lantarkin nan, ta zauna."

"Su gahawa ce ke kawo su. Nawa hankali ne."

"Shi ya sa ba su da yawa."

Suna cikin haka sai Sittana maƙwabciya ta leƙo, tana neman ya kai ta gidan suna, nan kusa ne, minti biyar. Da ƙyar ya lallaɓa ta ta tafi. Ya dubi Gogo, wannan karon babu wasa a muryarsa.

"Kin gani? Muddin aka ga raksha a ƙofa babu kowa a ciki, to ni na kowa ne. Kuma duk unguwar nan ko goggo ce ko kawu, wa zan ce wa a'a sau biyu? Gobe littafin zai koma, abin da ke kaina ya bi shi."

Gogo ta sa ƙafa ta taɓa littafin. "Me ke ciki da ya fi ni?"

"Labarin masu tsinkar auduga ne a Jazira."

"A Jazira?" Ta gyara mayafinta. "To me ya ce a kanmu, shi malamin ƙaryar?"

"Ya ce mata suna tsinka suna waƙa tun safe har rana ta faɗi."

"Waƙa! Da wane yawun? Ƙoƙon audugar nan yana tsaga yatsu, maƙogwaro ya bushe kamar tsohon takalmi. Waƙa sai da yamma, a hanyar komawa kambo, masaukinmu, buhu a ka. Ita ma don kada ƙafa ta tsaya ne. Wannan daga tagar mota ya gan mu."

Salahuddin ya dubi littafin. Sati biyu yana jin akwai abin da bai zauna ba a littafin, mai daɗi kuwa, amma ya kasa kama shi. Ga shi tsohuwa ta fizgo shi a numfashi ɗaya. Ya jawo kwamfutar.

"Maimaita, habboba. Daga tagar mota..."

"A'a! Yanzu na zama mai hankali? Ba fitilar titi ba ce?"

"An gyara fitilar. Ke ce sarauniyar Hajj Yusuf da Bahri, har Omdurman in an haye gada."

"Maƙaryaci, jikan maƙaryaci. Kakanka da irin wannan bakin ya raba ni da gidanmu."

Ta juya ta shige gida. Ya ɗauka fushi ta yi, har ya fara lalubar makullin raksha. Sai ga ta ta fito da matashin kai a hammata, da ɗan murhun gawayi, da jabana da sauran gahawar da ta rage a ƙasan gwangwani. Ta ajiye murhun a ƙasa dab da raksha, ta hau kujerar baya ta raksha, ta miƙe ƙafa kamar matar hafsa.

"Ina za mu kuma?"

"Babu inda za mu. Na ɗauki raksha daga yanzu har magariba. Zauna ka rubuta. Kuma ka sa sunana daidai, ka ce kyakkyawa ce."

"Zan ce tana da haƙora huɗu."

"Biyar, ɗan ƙwal uba. Ɗaya yana ciki."

Bai kai layi na uku ba sai ga kawu Jatau tafe da buhun gawayi, yana ɗaga hannu tun daga nesa. Gogo ta leƙo da kai daga cikin raksha.

"Da fasinja, Jatau! Ba ka gani ne? Nemi wata!"

Jatau ya dubi rakshar da injinta ke kashe, ya dubi tsohuwar da ke fifita gawayi, ya saɓa buhunsa ya wuce yana girgiza kai. Salahuddin ya yi dariya har kwamfutar na rawa a cinyarsa.

"Na sallama, amarya. Kin ci."

"Rubuta, direba. Kana ɓata mini tafiya."