Milimita Goma Sha Huɗu da Suka Kashe Gwaggo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abu da na ɓoye wanda zan zo kansa a ƙasa, nake sanar da 'yan'uwa, abokan sana'a, maƙwabtan layi da duk wanda ya taɓa kawo mana ƙarfe ya koma da shi a gyare, rasuwar na'urarmu ta sassaƙa ƙarfe mai aiki da kwamfuta, wadda 'yan boko ke kira si-en-si, mu kuwa a shago muke kira Gwaggo. Ta rasu ranar Talata da hantsi tana tsaka da aiki, bayan doguwar jinyar da ba a kula da ita ba, da gajeriyar faɗuwar da ba ta wuce ƙiftawar ido ba. Ta bar duniya tana da shekara ashirin da uku, goma sha bakwai daga ciki a hannuna.

Marigayiyar ta zo mana ne a matsayin ta hannu, a bayan babbar mota, kuma sai da aka fasa saman ƙofar shago kafin ta yarda ta shiga. Tun ranar muka gane ba ta ɗaukar raini. In ba ka rufe ƙofarta da kyau ba, ba za ta motsa ba ko da mai aikin yana tsaye a kanka yana duba agogo. In man shafawarta ya yi ƙasa, sai ta kunna jar fitila ta yi gum. Uwargidana ce ta fara cewa wannan ai halin gwaggonta ne sak, sunan ya bi ta har ƙarshen rayuwarta.

Za a tuna da ita a matsayin mai riƙon amana. Abin da ta yanka da safe, shi za ta yanka da yamma, ba ƙari ko na kaurin gashi. Ba ta taɓa zuwa a makare ba, ba ta taɓa cewa kanta na ciwo ba, ba ta taɓa kai ƙarata wurin kowa ba duk da tana da hujjoji. Babbar ɗabi'arta ita ce biyayya: abin da aka rubuta mata shi take yi, ba ta taɓa tambayar mutum ko ya tabbata ba. Na sha yabon wannan hali a gaban baƙi, ban san shi ne zai kai ta ƙasa ba.

Muryarta ma ba za ta fita daga kunnuwanmu ba. Da safe in an tashe ta sai ta ce "wiiiin", a hankali, har jikinta ya ɗumama. In za ta canza haƙori, wato ƙarfen da take yanka da shi, sai ka ji "tsss, ƙwas", ta ajiye wannan ta ɗauki wancan. In yanka yana tafiya daidai sai ta riƙa wani "shiiii" mai laushi, wanda ni kan zauna a kan benci in saurara har shayina ya huce. In kuwa an matsa mata, ko haƙori ya dakushe, sai ta koma "kirrr-kirrr", kuma ni da nake taƙama da kunnena sau da yawa rediyo nake ƙara wa murya.

Ta rasu ta bar ƙaninta, injin juya ƙarfe, wanda tun ranar yake aiki shi kaɗai cikin shiru. Ta bar injin huda, da kwamfireson da yake ba ta iska, wanda har yanzu kan tashi da kansa ya cika tumbinsa bai san babu mai sha ba. Ta bar haƙora goma sha biyar a jere, da bayis ɗin da ke damƙe mata aiki, yana ɗauke da tabon ranar. Ta bar tsare-tsaren aiki sama da ɗari uku a cikin filas ɗin kwamfuta guda ɗaya tak, wanda shekara shida ina cewa gobe zan kwafe. Ta bar ni. Ta kuma bar 'yata ta biyu, wadda muke kira Injiniya, kuma a cikinmu duka ita ce rashin ya fi taɓawa.

Injiniya ta tashi ne a gindin Gwaggo. Da ta yi karatu ta dawo, sai ta zo mana da manhajar da ake zana aiki a kwamfuta, a ga yadda haƙori zai bi layi-layi kafin a taɓa ƙarfe. Ni da na saba buga lambobi da yatsa a tsaye na yi ta gunaguni, ina cewa a zamaninmu da kai ake lissafi. Cikin wata uku aikin da kan ci mini yini ya koma na awa biyu. Na ci gaba da gunagunin don kada a ce na sauka, amma a bayan idonta babu wanda ban gaya wa cewa 'yata ce ke riƙe da shagon ba.

Game da jinyar marigayiyar, gaskiya ta tilasta a ce ruwa ne ya fara cin ta. Ruwan sanyaya haƙori, wannan fari mai kama da madara, yana da ƙa'idar haɗi: mai kaza, ruwa kaza, kuma man ake zubawa cikin ruwa ana motsawa. Injiniya ta sayo ɗan gilashin da ake auna kaurinsa, ta ce a duba kowane mako. Ni kuwa in na ga tanki ya yi ƙasa sai in kinkimo bokiti daga famfo in tuttula, in leƙa in ce ai har yanzu fari ne. Duk safiyar Litinin shagon kan tashi da wani wari da ya sa mai walda na kusa da mu ya taɓa tambayata ko ɓera ya mutu a bayan kabad. Na ce masa kwatar layi ce. A hankali tsatsa ta kama teburinta, ta ratsa har cikin boris, wato ƙananan ƙwallayen ƙarfen da ke tallafe da sandar da ke juya haƙori, Gwaggo kuma ta ci gaba da aiki a haka.

Ranar Talatar, Injiniya ta gama tsara wani aiki na baƙin ƙarfe, ta ɗaure shi a bayis, sannan ta fita kai wa wani kayansa. Kafin ta tafi ta liƙa takarda a jikin allon na'urar: "Baba, don Allah kada a taɓa komai sai na dawo." Na karanta, na ji zafin wannan "don Allah" ɗin, domin na san irin wanda ake yi wa yaro ne kusa da wuta.

Ina zagayawa sai na ga haƙori na huɗu ya ɗan ɓantare a baki. Na ce bari in taimaka. Na cire shi na sa sabo, kaurinsu ɗaya, sai dai sabon ya fi tsohon tsawo da milimita goma sha huɗu. Duk wanda ya yi mako guda a sana'ar nan ya san in ka canza haƙori sai ka auna tsawonsa ka gaya wa na'ura, domin ba ta da ido, lambar da ka ba ta ita ta sani. Na sani, ni na koya wa Injiniya. Na ɗauko ma'auni ke nan sai ga wanda ya kawo aikin ya shigo, ya tsaya yana yaba shagon, yana cewa an gaya masa duk layin nan babu mai hannuna. Kaina ya kumbura. Na ajiye ma'aunin, na ce masa ya matso ya ga ikon Allah. Ban gwada tafiyar a sama cikin iska ba, ban rage gudu ba, hannuna bai je kusa da jan maɓallin tsayarwa ba, domin yana aljihu irin na ƙwararru. Na danna kore.

Gwaggo ta ce "tsss, ƙwas". Ta sauko da cikakken gudu zuwa inda aka gaya mata akwai sarari, ta tarar da ƙarfe. Kalmarta ta ƙarshe ita ce "gwaram". Mai aikin ya fita bai yi sallama ba, ya bar takalmi ɗaya.

A nan ne abin da na ɓoye yake. Kafin Injiniya ta dawo na zare guntun dogon haƙorin na jefa a aljihu. Na ɗauko tsohon, na kama shi na karya da guduma, na mayar da shi mazauninsa. Na ɓalle takardarta na ninke. Mutum mai furfura, mai jikoki biyu, yana ta haki yana shirya gawa kamar ɓarawon da ya ji motsin masu gida.

Da ta shigo ta daɗe tana kallon ramin da ke jikin ƙarfen. Sannan ta juyo.

"Baba, ka canza wani abu?"

"Ni? Maɓalli kawai na danna."

Ta yarda, domin ni ne babanta. Kwana uku tana bin tsarinta layi bayan layi tana neman inda ta yi kuskure. Da ba ta samu ba, sai ta yanke wa kanta hukuncin da ya fi muni: wai kuskuren yana nan, iliminta ne bai kai ta gan shi ba. Ta ninke rigar aikinta ta ajiye a kan benci. Yau kwana goma sha biyu ba ta taka shagon ba, kuma ta gaya wa mahaifiyarta cewa ranar Litinin za ta fara zaman kanti a wurin wata ƙawarta mai sayar da waya, inda ba za ta sake kashe wa kowa abin sana'arsa ba.

Mai gyaran da muka kira, wanda muke ce wa Likita, ya buɗe kan marigayiyar ya ce boris ya farfashe, sandar ta lanƙwashe, kuma masu ƙera irinta sun daina yin kayanta tuntuni. Ya ce da tsatsa ba ta riga ta cinye ta ba, da wataƙila ta tashi. Sannan ya ɗauki karyayyen haƙorin ya jujjuya shi a haske, ya ce shekararsa talatin yana wannan aiki bai taɓa ganin na'urar da ke riƙe guduma ba. Ya sha ruwa ya tafi. Uwargida kuwa ta tsinci guntun da takardar a aljihuna ranar wanki. Ta ajiye su kusa da kwanon abincina, ta ce ko in faɗa da bakina ko ta faɗa da nata, kuma nata ya fi nawa ƙarfi.

Na gwada sau uku. Duk sanda na tsaya a ƙofar ɗakin Injiniya sai in ji kaina ina tambayarta ko ta ga cajar wayata. Shi ya sa na zaɓi rubutu, tunda kunyar takarda ba ta kai ta ido ba.

Marigayiyar ba ta bar wasiyya ba, amma duk mai irinta a shago ya ɗauki wannan daga bakin wanda ya yi sanadi. Ka auna kowane haƙori da ka taɓa, ko da sarkin duniya ne tsaye yana yabonka. Sabon tsari ka fara tafiyar da shi a sama, da ƙaramin gudu, yatsanka a kan jan maɓalli. Ka auna ruwan sanyaya da ma'auni, farinsa ba shaida ba ne, kuma in ya fara wari ka kwashe ka wanke tanki, ka bar kwata ta huta da zargi. Ka kwafe filas ɗinka yau. In kuma ka tarar da takarda an liƙa an ce kada ka taɓa, to wanda ya rubuta ya san ka.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a shago. Likita zai jagoranci kwance ta. Famfon ruwanta da fitilarta za su koma jikin ƙaninta, gangar jikin kuma masu gwangwan za su ɗauka, in an sake fasa saman ƙofa. Za a ajiye guntun dogon haƙorin da gudumar a kan tebur don masu son ganin ido. Masu gaisuwa kada su miƙo mini hannu, ba ni ne aka yi wa rashi ba.

An liƙa kwafin wannan sanarwa a ƙofar shago, an tura ɗaya ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin da na kasa shiga. Injiniya, tsarinki ba shi da aibu ko na layi ɗaya, ki daina nema. Ni ne. An wanke rigarki an rataye ta a ƙusarta, takardarki kuma na mayar da ita jikin allo inda kika liƙa ta. Ba za a kwance ko noti ɗaya ba, ba za a taɓa komai ba, sai kin dawo.

Mai sanarwa a madadin iyalai,
Babanki, wanda maɓalli kawai ya danna.