Hoton Alhaji Iro a Cikin Duhu

Ba zan taɓa mantawa da walimar Alhaji Iro ba, mutanen Tsanyawa ma ba su da niyyar barina in manta.

Ni mai hoto ne. Tun ina saurayi nake wannan sana'a a bakin kasuwa, har wayoyin nan suka zo, kowane ɗan iska ya zama mai hoto. Wanda ya rage yana nemana shi ne Alhaji Iro, dillalin gyaɗa, don mun yi firamare tare (shi ya gama, ni na gudu).

Wata rana Malam Sabi'u, mai koyar da zane a sakandare, ya zauna a shagona ya nuna min wasu zane-zane a wayarsa. Wai na mutanen Italiya ne, na cikin coci, tun zamanin da. Ko'ina baƙi ƙirin, sai haske ya faɗo ta taga ya sauka kan mutum ɗaya.

"Wanda hasken ya samu, shi Allah ya zaɓa a nufin mai zanen," in ji shi. "Wannan ita ce fasaha, Baba, ba hoton fasfo irin naka ba."

Maganar ta ƙona min rai ƙwarai.

Ana nan Alhaji ya dawo daga aikin Hajji, ya ce in ɗauke shi da ƙanensa Ɗanliti, a buga kalanda a raba ranar walima. Na shigar da su zaure, na tura ƙofa, na bar 'yar kafa da hasken rana zai shigo.

"Kai, hoto za mu yi ko sata?" in ji Alhaji.

"Zauna kawai, Alhaji, aikin Italiya ne."

Na saita hasken a kansa. Kafin ya gama gyaran rawani rana ta gusa. Na duba hoton, na ga abin da ya fito, amma girman kai ya ce min ai fasahar ke nan. Na aika Kano aka bugo.

Ranar walima an cika tabarmi, ga liman, ga dagaci. Aka raba kalanda, kowa ya ƙura wa tasa ido. Fuskar Alhaji ta nutse a duhu, ba abin da ake gani sai haƙorin Makka. Ɗanliti kuwa, wanda duk kasuwa ta san mudunsa a lotse yake, fuskarsa na sheƙi kamar waliyyi.

Wani tsoho ya ɗaga tasa sama. "Ikon Allah! Wanda ya je Makka ya dawo da baƙar fuska, annurin ya sauka kan mai tauye mudu. Liman, anya Hajjin nan ta karɓu?"

Dariya ta ɓarke. Maimakon in sulale, sai na miƙe (a nan na ƙarasa kashe kaina).

"Jama'a, ba ku gane ba. A zanen coci haka ake yi, wanda haske ya samu shi Allah ya zaɓa."

"Coci?" Alhaji ya zabura. "A walimar Hajjina? Kuma Ɗanliti Allah ya zaɓa?"

"Haba Yaya," in ji Ɗanliti, "bar bawan Allah ya ƙarasa bayani mana."

Tun ranar Alhaji bai sake amsa sallamata ba. Ɗanliti ya rataye kalandar a rumfarsa, daidai saman mudun. Shi kuwa Malam Sabi'u da ya gani, wai hoton ya yi ma'ana. Allah ne ya tsare ban buga masa kyamara a ka ba.

Yanzu duk wanda ya zo, tsakiyar rana nake tsayar da shi. Ya runtse ido, ya yi gumi, ba ruwana. Zaɓen bayi aikin Ubangiji ne, na daina taya shi ta kafar ƙofa.