Gayyatar Madam Saratu a Akwatin Tarkace

Zan iya manta abubuwa da yawa na shekarun da na yi ina koyarwa, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na kunna majigi da hannuna na haska abin kunyata a bango ba.

Malamin kwamfuta ne ni a wata makaranta mai zaman kanta a nan Maiduguri. A lokacin ina ji da kaina ƙwarai. Na kafa wa malamai doka cewa duk mai magana da ni ya turo ta imel, ban da wasap, ban da tare ni a baranda. (Yanzu in na tuna yadda nake faɗin hakan ina gyara zaman tabarau, sai in ji kamar in shige ƙasa.) Na kuma tsara wa akwatin imel ɗina ƙa'ida: duk saƙon da ya fito daga malaman makarantarmu ya wuce kai tsaye wata folda da na raɗa wa suna "Mutanena". Sunan Madam Saratu na fara sakawa, har na kira ta na nuna mata.

Madam Saratu mataimakiyar shugaban makaranta ce, mutumiyar Biu, kuma ita ta tsaya mini na samu aikin. Ranar da matata ta fara naƙuda aka rasa keke napep a layinmu, motarta ce ta kai ta asibiti. Ba ta kiran sunana, sai dai "ƙanena". Aibinta ɗaya: kullum da safe sai ta turo wa kowa saƙo ta imel, yau addu'a, gobe amfanin shan ruwan ɗumi da lemon tsami, jibi hoton fure. Tun kafin in tsara waccan ƙa'ida, wata safiya da raina yake a ɓace, na danna wa saƙonta alamar tarkace, wadda ake yi wa saƙon da ba a so. Saƙonnin suka ɗauke, na samu sauƙi, har na manta ni na yi. Na riƙa ɗauka gajiya ta yi.

Sai ga bikin 'yarta ya taso. Ta ɗauki hutu don shirye-shirye, ɗakin malamai ya cika da zancen anko da wanda zai ɗauki wa a mota. Kowa ya samu gayyata. Ni kuwa in buɗe "Mutanena" da safe, in buɗe da rana, ba komai daga gare ta. Malam Bukar, malamin lissafi da muke zama tebur ɗaya, ya tambaye ni ko na ɗinka nawa, na ce masa ni ba na zuwa inda ba a neme ni ba. Ya ce in kira ta mana. Na ce ai ta san hanyar da ake samuna.

Gaskiya abin ya yi mini ciwo, amma maimakon in tambaya sai na zaɓi fushi. Ana saura kwana kaɗan ta kira ni a waya, ina kallon sunanta har ta katse. A raina na ce sai yanzu aka tuna da mu, da aka ga kujeru za su yi saura. Ranar bikin kuma, da yake zauren liyafar ba shi da nisa da gidana a Bulumkutu, na hau keke na tafi Kasuwar Litinin don kada in ji kiɗa. Na yi ta zaga layin 'yan yadi ina taya abin da ba zan saya ba har la'asar.

Da ta dawo aiki ta shigo ɗakin malamai da kayan rabo, bokitai da kofuna masu hoton amarya da ango. Ta bi kowa ta ba shi. Da ta zo kaina ta ajiye bokiti, ni kuma (Allah ya yafe mini) na ture shi gefe na ce a ba waɗanda aka gayyata.

Ta dube ni ta ce, "Ƙanena, kai ne za ka ce ba a gayyace ka ba? Kai da na roƙa ka zama shugaban taro?"

Ashe ba gayyata kawai ta turo ba. Roƙona ta yi in shugabanci liyafar, ta sake turowa, ta kuma sake. Da ta ji shiru sai ta ce ai ƙaninta ba zai ba ta kunya ba, ta sa aka buga sunana a takardar shirin biki. Mai gabatarwa ya yi ta kiran sunana a lasifika, kujerata tana gaba babu kowa, dangin ango suna kallonta.

Mai hankali a nan zai yi shiru ya ba da haƙuri. Ni sai na miƙe na ce ba zai yiwu ba, tsarina ba ya ɓatar da saƙo, ƙila adireshin ta rubuta ba daidai ba. Na ce kowa ya biyo ni ɗakin kwamfuta ya gani da idonsa. Suka biyo ni, har da shugaban makaranta da ya ji hayaniya ya fito. Na jona kwamfutata da majigi, na buɗe "Mutanena", na nuna musu da sandar koyarwa: ga saƙon wane, ga na wance, ina na Madam?

Malam Bukar ya ce, "Malam, wancan akwatin na ƙasa fa, mai suna tarkace? Buɗe mu gani."

Na yi dariya na ce ai ƙa'idata ta riga ta kwashe saƙon malamai, ba abin da zai kai can. Na danna. Bango ya cika da sunan Madam Saratu daga sama har ƙasa: addu'ar safe, ruwan ɗumi, fure, a tsakiyarsu kuma "Roƙo ga ƙanena". A nan ne abin da ya kamata malamin kwamfuta ya sani ya faɗo mini. Matatar tarkace ita ke fara karɓar saƙo, kamar mai gadi a bakin ƙofa. Wanda ta kora ba ya shiga ciki, balle ƙa'idata ta gan shi ta kai shi folda.

Da na tsaya nan ma da sauƙi. Sai na ce laifin na'ura ne, takan yi kuskure, bari in nuna musu cewa ban toshe kowa ba. Na buɗe wurin da ake ganin waɗanda mutum ya toshe da kansa. Akwai masu tallan magani, akwai masu cewa na ci kyauta, sannan ga adireshin Madam Saratu a cikinsu, da manyan baƙaƙe, domin ni na ƙara girman rubutun don na baya su gani.

Wani ya yi tari. Shugaban makaranta ya duba agogo ya fita. Ni dai sandar tana hannuna na rasa inda zan ajiye ta. Na so a ce Madam Saratu ta yi faɗa, ta zage ni, da na samu abin riƙewa. Sai kawai ta ce a hankali, "Da ka faɗa mini sun dame ka, ƙanena, ai da na daina."

Na je gidanta da matata muka ba da haƙuri, ta ce ya wuce, ta sa aka kawo mana abinci, bokitin ma ta ba matata. A ranar na cire ta daga cikin waɗanda na toshe, na kuma soke dokar imel, yanzu ko a bakin masallaci aka tare ni ina saurara. Abin da na koya shi ne na'ura tana bin abin da ka yi a ɓoye kafin wanda ka yi don a gani.

Ƙa'idata tana aiki lafiya lau yanzu. Kullum da safe Malam Bukar yana karanta mini amfanin ruwan ɗumi daga wayarsa, domin har yau Madam tana turo wa kowa. Ni kaɗai ta cire, don kada ta dame ni.